Gawon Kan Iyaka

Har gobe ban manta da ranar da muka je Toranke ɗibar ƙamshin gawo ba. Na san wasunku za su yi dariya, don ni ma da aka fara gaya mini sai da na dara. Na yi aikin malamin daji a ƙasar Gaya da Ajingi har furfura ta cim mini. Na raba dashe, na kama masu saran itace ba izini, na sha zagin masu gawayi, amma ban taɓa zaton wata rana za a tura ni in riƙe leda ana tara numfashin bishiya ba.

Ga wanda bai san tsarinmu ba, malamin daji shi ne na ƙasa, mai yawo a kan babur daga wannan ƙauye zuwa wancan. A samansa akwai shugaban shiyya, wanda muke ce wa Oga, shi ke sa hannu a takardar izinin sare itace, kuma duk baƙon da aka turo daga Kano a teburinsa yake sauka. Wata safiya cikin bazara, 'yan shekaru kafin in yi ritaya, Oga ya kira ni ofishinsa a Gaya. Na tarar da wata baiwar Allah a zaune, da katuwar kula a gabanta irin ta masu sayar da zoɓo.

Ya ce, "Malam Sabi'u, ga Malama Bilkisu daga jami'a. Digiri na uku take yi a kan bishiyoyi. Duk inda ta ce ka kai ta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙirga su za ta yi ko auna tsawonsu?"

Ya ce, "Ita za ta yi maka bayani, ni dai ta yi mini sau biyu." Ya koma kan takardunsa.

Bayaninta bai yi wuya ba. Ta ce kowace bishiya tana fitar da wasu sinadarai ta ganyenta, su tashi su bi iska. Wasu hanci yana jin su, kamar ƙamshin bishiyar turare da tsakar rana, ko na furen darbejiya da yamma, wasu kuma sai na'ura. Da su bishiya ke korar ƙwaron da ke cin ta, da su take kiran zuma, da su kuma ganye ke jure zafi. Idan suka haɗu da hayaƙin motoci a sama sukan canza iskar da muke shaƙa, shi ya sa ake son a san wace bishiya ke fitar da me. Kuma ba kullum suke fita daidai ba. Rana ta yi zafi su ƙaru, girgije ya rufe ta su ragu. Bishiyar da ke jin ƙishirwa daban take da wadda ta ƙoshi da ruwa. Wadda aka ji wa ciwo kuwa, da gatari ko da bakin akuya, sai ta yi ta zubar da wani irin ƙamshi na daban har kwanaki. Ta ce, "Baba, ka san ƙamshin nan na ɗanyar ciyawa idan an yanke ta? To shi ne." Nan na gane, don wannan kam na san shi tun ina yaro.

Yadda ake ɗibar kuwa, sai a rufe reshe mai ganye da wata leda ta musamman, a hankali, kada ganye ko ɗaya ya murje. Akwai ɗan famfo mai batir da ke jan iskar cikin ledar ta bi ta wani siririn bututun ƙarfe mai tsawon biro. A cikinsa akwai hoda mai kama ƙamshin. Idan an gama a toshe bakinsa, a sa a kula da ƙanƙara, sai ɗakin gwaji. Bututan nan daga waje aka aiko mata da su, a lissafe, wanda aka yi amfani da shi ya tafi ke nan.

Sai kuma ta kafa mini doka. Ba sa turare, ba wanka da sabulu mai ƙamshi, ba man shafawa, ba tsayar da babur kusa da itace. Duk wanda ya san ni ya san ina iya fita ba karin kumallo, amma ba na fita ba turare. Haka na koma wanka da sabulun salo. Uwargida ta zuba mini ido kwana da kwanaki, rannan dai ta kasa haƙuri ta ce, "Malam, wai takaba kake yi ne?"

Mun yi aiki lafiya lau a kewayen Gaya da Gafasa. Ni a babur, ita da kularta a adaidaita. Muka yi darbejiya, muka yi turare, muka yi tsamiya. Ya rage gawo, kuma shi ne ƙashin bayan binciken nata. Gawo ai kun san halinsa, baya-baya yake da sauran itatuwa. Da rani yake kore, ruwa na sauka ya zubar da ganye ya tsaya tsirara, shi ya sa manomi ke son sa, gero yana kyau a ƙarƙashinsa. To wannan halin shi ya sa mu a tsaka mai wuya. Ta samu itatuwan gawo da aka yi wa sara da yawa, ta ɗiba. Abin da take nema shi ne wanda gatari bai taɓa ba, don ta gwada bambancin. A ƙarshen bazara kuwa, lokacin da harawa ta ƙare, dabba tana kuka, samun gawon da ba a yi wa aski ba a ƙasar Ajingi aiki ne ja. Mu malaman daji mun sani, mukan kawar da kai, don ba ka hana mutum ciyar da dabbarsa a irin wannan lokaci. Na yi tunanin maƙabarta, inda ba mai saran itace, amma darbejiya da aduwa ne a ciki, kuma ba wurin da zan kai mace da famfo ba ne.

Ga shi hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma yana watsewa. Bututanta sun kusa ƙarewa, saura na itace ɗaya, da ɗan ragowa ko da wani zai lalace. Hutun karatun da aka ba ta a wurin aikinta ƙarshen shekarar zai ƙare. Ta gaya mini ƙarara, idan ruwa ya riga mu, sai wani ranin, kuma ba ta da wani ranin. Dariya take yi lokacin da ta faɗa, amma na ga idonta, kuma tausayinta ya kama ni.

Da kyar na samo mata gawo a bayan gidan Alhaji Ɗan'azumi, wani dattijo mai rufin asiri a wani ƙauye na mazaɓar Toranke. A cikin shinge yake, dabba ba ta kai wa gare shi, rassansa sun sauko har mutum ya miƙa hannu ya kama. Malama ta zagaya shi tana murna. Alhaji kuwa da ya ji cewa duk faɗin ƙasar nan gawonsa aka zaɓa, har sunan ƙauyen zai shiga littafi, sai da ya gyara zaman hularsa. Muka roƙe shi ya kula mana da shi, kada makiyayi ko dabba su taɓa, jibi za mu dawo da kayan aiki. Ya ce, "Ku je ku kwanta da minshari. Ni da kaina zan kula da shi."

Ya kuwa kula da shi.

Tun daga bakin ƙauyen, ranar da muka koma, hancina ya fara ba ni labari. Muna shiga shingen muka tarar an share gindin gawon fes, an yayyafa ruwa, an shimfiɗa darduma. Ƙananan rassan nan da muka yi sha'awa, duk an daddatse su an tara a gefe, wai kada ƙaya ta kama mayafin baƙuwa. An yi wa gindin kewaye an cika shi da ruwa, ƙasar har ta yi laka, don Alhaji ya ce tun shekaranjiya yake sa a ɗura masa, ya yi kyau a hoto. Uwargidansa kuma asalin iyayenta daga gabas suke, kun san su da turaren wuta, ba a koya musu. Kasko-kasko aka jera, hayaƙi yana hawa cikin ganyen gawo. Kafin mu gama sallama Alhaji ya zaro kwalbar turare daga aljihu ya kama hannuna ya shafa mini, ya kuma miƙa wa Malama ta shafa da kanta.

Malama ta tsaya da kwalba a hannu, ta dubi rassan da ke ƙasa, ta dubi lakar, ta dubi hayaƙin. Duk abin da ta lissafa mini yana canza ƙamshin itace, ban da zafin rana, Alhaji ya haɗa mata shi a wuri ɗaya, kuma don girmamawa ya yi. Ta buɗe baki za ta yi magana. Na matsa kusa na ce a hankali, "Malama, baƙonka annabinka ya yi mana. Ki yi godiya tukuna, sauran ki bar mini." Ta danne ɓacin ranta, ta durƙusa ta gaishe shi, ta yaba shimfiɗa, ta mayar da kwalbar ta ce aikin ne ya hana ta shafawa. Ni wannan ya sa ta ƙara girma a idona, don na ga manyan da ba su iya haka ba.

Muka sha fura. Bayan nan na ja Alhaji gefe na warware masa. Ya ce, "Wato garin neman gira na rasa muku ido."

Na ce, "Alhaji, ba mu gaya maka ba ne. Makiyayi muka hana, ba mu hana mai gida ba."

Ya ce, "To a jira ya warke mana."

Na nuna masa gabas. Ya gane ruwa ya kusa, shi ma manomi ne.

Muna cikin wannan jimamin Malama ta leƙa ta saman shinge, ta ce, "Baba, wancan fa?" Can cikin gonaki, nesa da gidaje, ga wani gawo ya yi rumfa, rassa har suna sharar ƙasa, ko alamar gatari babu a jikinsa. Na san shi sarai, kuma da gangan ban taɓa ambata mata shi ba. Alhaji ya tamke fuska ya hau gyaran carbi.

Gawon nan a kan iyakar gonar Alhaji da ta Malam Tanimu yake. 'Ya'yan wa da ƙani ne, kakansu ɗaya, gonar ma ta kakan ce aka raba wa iyayensu, gawon ya faɗo a tsakiya. Shekara da shekaru kowa yana cewa nasa ne. Kowannensu ya sha zuwa ofishinmu neman izinin sara, ya kuma haɗa da ƙarar ɗan'uwansa. Maganar ta je gaban mai unguwa, ta je gaban dagaci, a ƙarshe aka ce kada wanda ya ɗora masa gatari sai an daidaita. Ba a daidaita ba. Tun daga nan ba sa ga maciji, ko a masallaci wannan yana dama wancan yana hagu. Makiyaya ma sun san zancen, suna kewaye shi. Kowa kuma yana gadin itacen don kada ɗayan ya taɓa, har ya zama duk ƙasar babu gawon da ya kai shi samun tsaro.

Matsalar ita ce wa za a fara tambaya. Duk wanda malamin daji ya fara neman izininsa, to hukuma ta ce nasa ne ke nan, haka za a fassara. Na je wurin mai unguwa, ya dafe kai, amma ya yarda ya kira su lokaci ɗaya bayan La'asar. Suka zauna, wannan ya kalli kudu, wancan ya kalli arewa. Ni kuma na tsaya a tsakiya, na kafa idona a kan mai unguwa, na ce, "Baƙuwarmu tana neman alfarmar mai gawon kan iyaka, ta ɗaura wa reshe leda na yini ɗaya, ba sara, ba tsinkar ganye."

Alhaji ya yi caraf ya ce, "Na ba ta."

Malam Tanimu ya ce, "Kai a wa? Ni na ba ta, kuma gobe ina wurin, don baƙuwata ce."

Alhaji ya ce, "A gidana ta sha fura."

Na ce duk an gode, kowa ya zo. Sai dai wannan karon na karanta doka tiryan-tiryan, don an ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Ba turare, ba wuta, ba shara, ba ban ruwa, ba taɓa ko da ganye. Mai son kallo kuma sai ya zauna a inda iska ke wucewa bayan ta bar itacen, ba inda take fitowa ba.

Washegari da sassafe muka isa, ni na sake wanka da sabulun salo har fatata ta yi fari. Malama ta ɗaura ledarta, ta kunna famfo. Iskar ranar daga kudu maso yamma take, kuma a ɓangaren da ta halatta a zauna inuwa ɗaya ce tak, wata 'yar aduwa da ba ta fi ta mutum uku a matse ba. Dattawan suka iso, kowa da buzunsa. Malam Tanimu ya fara gwada zama a rana don kada ya haɗa inuwa da Alhaji. Ranar ƙarshen bazara ba ta san zuciya ba. Kafin hantsi ya ɗaga sosai ya jawo buzunsa ya shigo, suka juya wa juna baya, ni ina tsakiya kamar dogarin kotu.

Aikin na yini ne, ana ɗiba da safe, da tsakar rana, da yamma, don a ga yadda zafi da haske ke juya abin. Da farko ta bakina suke magana. "Malamin daji, gaya wa wancan ya janye ƙafarsa." "Malamin daji, ce masa ba a gonarsa take ba." Da Azahar ta yi sai aka rasa yadda za a yi, don ba wanda zai tafi masallaci ya bar wa ɗayan fili. Malam Tanimu shi ne mai karatu a cikinmu, dole ya shiga gaba, ni da Alhaji muka bi. Da aka sallame na ji Alhaji ya ce amin ga addu'arsa da ƙarfi, ya kuma manta bai janye hannu ba da aka miƙo masa.

Wajen La'asar gabas ta yi baƙi. Saura ɗiba ɗaya, kuma tana buƙatar rana a buɗe. Malama tana duban na'urar haske tana duban sama. A nan ne na ga abin mamaki, manoma biyu a ƙarshen bazara suna roƙon Allah ya ɗan jinkirta ruwa. Malam Tanimu ya ce, "Yaya, ka ga wancan bakin hadarin? Toranke zai kewaye." Alhaji ya ce, "Ina fa, wannan namu ne, sai dai zai ba mu lokaci." Ni dai na ji kalmar Yaya, kuma na san rabon da a ji ta a bakin Malam Tanimu an daɗe.

Hadarin kuwa ya ba mu lokacin. Malama ta toshe bututu na ƙarshe ta sa a kula, ta zauna a ƙasa ta yi hamdala. Kafin ta kwance ledar ta kira su ta ce su zo su shaƙa, tunda itacensu ne. Ta faɗi kalmar a haɗe, wato na su biyun, ba wanda ya gyara mata. Alhaji ya sa hanci, sannan Malam Tanimu. Wani ɗanyen ƙamshi ne mai ɗumi, mara ƙarfi. Malam Tanimu ya ce, "Haka rigar Kaka take yi idan ya dawo daga kaɗo wa raguna 'ya'yan gawo." Alhaji ya ce, "Kai kake riƙe kwando, ni nake riƙe gora, kuma kullum kai ƙaya ke soka." Muna ɗora kula a adaidaita yayyafi ya fara. Kafin mu kai titin Gaya ruwa ya ɓalle kamar da bakin ƙwarya, muka jiƙe sharkaf, Malama ta rungume kularta tana dariya.

Ta gama digirinta a kan lokaci. Da rani ya zagayo sai ga ta a ofis, ta zama Dakta, ta samo sababbin bututai, tana son ta maimaita awon a kan gawon nan don ta ƙara tabbatarwa. Muka kama hanyar Toranke. Tun daga nesa na rage gudun babur. Gawon kan iyaka yana nan, amma an yi masa aski tas, sai 'yan ganye a can ƙololuwa. A gindinsa ga Alhaji da Malam Tanimu a kan tabarma ɗaya, tumakinsu a haɗe suna cin ganye.

Dakta ta sauko ta riƙe baki. Ta ce, "Alhaji, ina gawona?"

Ya ce, "Ai ke kika jawo, 'yata. Mun shirya. Gabas nasa, yamma nawa."

Malam Tanimu ya ce, "Idan wanda ba a taɓa ba kike nema, akwai wasu 'yan'uwa a Gafasa da ke rigima a kan nasu, sai dai ki yi sauri kafin su ji labarinki."

Ta yi dariya har da hawaye. Alhaji ya zaro kwalbar nan tasa ya miƙa mata, ya ce yau dai babu aikin da zai hana. Ta karɓa ta shafa. Ni ma na miƙa hannu biyu.

To ku da kuka gaje mu, ga abin da na ɗauka. Idan ka ce wa mutumin karkara ya kula da abu, da hannunsa zai kula da shi, don a wurinsa kulawa ita ce shara da ban ruwa da gyara. In so kake a bar abu yadda yake, sai ka faɗa filla-filla, kuma idan ya yi maka karamcin da ya ɓata maka aiki, ka fara da godiya. Sannan duk wanda ya tambaye ku abin da ke canza ƙamshin itace, ku lissafa masa zafi da hasken rana, da ruwa, da ciwo, da lokacin shekara, kamar yadda Dakta ta koya mini. Amma ku ƙara masa da mutanen da ke zaune a gindinsa. A ƙasarmu itacen da kuka ga ba a taɓa ba, ku tambaya, akwai magana a kansa. Ni dai malamin daji ne, aikina hana sara, amma ban taɓa ganin itacen da aka sassare na ji daɗi a raina kamar ranar ba.